AS da AS: wai in ɗa ɗaya ya zo da sikila, sauran ukun sun tsira?

Maman_Hanif:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu. Ƙanwata ake shirin sa wa rana, sun je gwaji ita da yaron, takarda ta nuna AS ne su biyun. Yanzu gida ya rabu biyu. Kawunmu ya ce ai su likitocin da bakinsu suka ce ɗaya cikin huɗu ne, saboda haka in suka tsaya a 'ya'ya uku shi ke nan, in kuma na fari ya zo da ciwon to ukun da za su biyo baya sun kuɓuta. Lissafin bai kwanta mini ba, amma na rasa ta inda zan warware masa. Haka abin yake? Sannan me ya sa ciwon nan ya yi mana yawa haka a ƙasar nan?

Nas_Rabi:
Wa alaikumus salam Maman Hanif. Ba haka ba ne. Ɗaya cikin huɗun nan a kan kowane ciki yake, daban-daban. Ciki na biyu bai san abin da ya faru da na fari ba. Ki roƙi Kawu ya janye wannan magana, domin ta jefa gidaje da yawa cikin wahala.

Malam_Sani_Bayoloji:
Bari in faɗa yadda nake koya wa ɗalibaina. Kowane mutum yana da kuromosom 46, guda 23 daga uwa, 23 daga uba. Ƙwayar halittar da ke tsara himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jan jini, tana kan kuromosom na 11, kuma kowa biyu gare shi, ɗaya daga kowane ɓangare. A shi ne nau'in lafiya, S kuma shi ne mai sa jan jini ya lanƙwashe, wanda ya gaji S biyu, wato SS, shi ne mai sikila. Mai AS yana da A ɗaya da S ɗaya, amma ɗaya tak zai bai wa ɗansa, kuma ba shi ke zaɓa ba.

Ki ba Kawu ƙwarya biyu, kowace da farin goro ɗaya da jan goro ɗaya. Ya rufe ido ya ɗauko ɗaya daga wannan, ɗaya daga waccan. Fari da fari AA ne, fari da ja AS ne, ja da ja SS ne. Kafin ya sake ɗauka sai ya mayar da goron cikin ƙwaryar, don haka jikin mutum yake yi a kowane ciki. Ya maimaita sau da yawa, zai ga ja da ja na iya fitowa sau biyu ko uku a jere, yana kuma iya daɗewa bai fito ba.

In aka buga lissafin, damar a haifi 'ya'ya uku babu SS ko ɗaya kusan kashi 42 cikin 100 ce. In huɗu ne ta sauko 32, in shida ne ta koma 18. To ki dubi yawan haihuwar da muke yi.

Abu_Sadiq77:
Malam, ni kuma maƙwabcina da matarsa AS ne, 'ya'yansu biyar, babu mai sikila ko ɗaya. Ina ganin turawa ne kawai ke tsorata mutane.

Malam_Sani_Bayoloji:
Abu Sadiq, labarin maƙwabcinka bai karya lissafin ba. A cikin irin waɗannan ma'aurata masu 'ya'ya biyar, kusan ɗaya cikin huɗu za su fita haka lafiya lau. Allah ya sa shi cikinsu. Sauran gidaje ukun fa?

Ummu_Khairat:
Ni ce ɗaya daga cikin sauran gidajen da Malam ke tambaya. Na fari SS, ta biyu SS, na uku ne AS. Lokacin aurenmu ba a san wani gwaji ba. Ɗana na fari lafiya lau aka haife shi, ɓul-ɓul, har ya kusa wata bakwai. Wata rana da asuba na ɗauke shi zan ba shi nono, sai ya ƙwalla ƙara. Na duba hannunsa, yatsun sun kumbura suntum, bayan tafin hannun ya yi zafi yana sheƙi, ƙafafun ma haka. Kakarsa ta ce sanyi ne, aka shafa man zafi, aka yi turare. Sai da idonsa ya koma ruwan ɗorawa muka kai shi asibiti.

Ba zan ce wa kowa ya fasa aure ba, wannan tsakaninsa da Allah. Amma ƙanwar taki ta zo ta kwana ɗaya a ɗakin yara masu sikila cikin hunturu, ta ji kukan yaron da ƙashinsa ke ciwo, uwarsa na tsaye ba abin da za ta iya yi masa. In ta gani da idonta, duk hukuncin da ta yanke da saninta ta yanke.

Nas_Rabi:
Allah ya ba su lafiya Ummu Khairat, ya saka miki da alheri. Abin da ya sa bai nuna da wuri ba, jariri yana zuwa da wani himogulobin na cikin ciki da ake kira F, wanda ba ya lanƙwashewa. Yana raguwa a hankali, wajen wata shida sai S ya karɓi wurin. Shi ya sa kumburin yatsu ke zama alama ta farko ga yara da yawa.

Baffa_Kura:
Allah ya kyauta. Ni dai nawa O ne, matata ma O, ba ruwanmu da wannan.

Lab_Auwal:
Baffa, rukunin jini ka faɗa, shi ne A, B, AB da O, wanda ake dubawa in za a yi ƙarin jini. Jinotaif daban ne: AA, AS, SS, AC, SC. Mutum na iya zama O kuma AS. A je a duba.

Maman Hanif, kafin a tayar da hankalin gida, a sake gwajin a wani wuri na daban mai inganci. Akwai ɗan gwajin da ake ɗiga jini a gilashi a duba ko ya lanƙwashe, wannan ba ya bambance AS da SS. A nemi gwajin da ke tantance nau'in himogulobin, wato elektroforesis, ko HPLC in da hali. Kuma wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce ya jira, domin jinin wani na iya rikita sakamakon. Na sha ganin mai takardar AA da aka sake aunawa ya fito AS.

Hajiya_Turai:
Auren zumunci ne ya jawo mana wannan masifa, tun da can nake faɗa.

Malam_Sani_Bayoloji:
Hajiya, da gyara kaɗan. Auren zumunci ba ya ƙirƙiro S. In akwai shi a dangi, yana ƙara yiwuwar masu ɗauke da shi biyu su haɗu. Amma a Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, saboda haka ko bare ka auro daga wata jiha haɗarin na nan. 'Yan'uwa biyu AA da AA kuwa ba za su haifi mai sikila ba.

DanZinder:
Gaisuwa daga Damagaram. Nan wajenmu emasi ake ce mata, kuma tana da yawa ƙwarai. Akwai cibiya ta ƙasa a Yamai da aka keɓe mata, amma mutumen ƙauye ina zai kai Yamai duk wata? Ni tambaya ta biyu ta Maman Hanif nake jira a amsa. Mi ya sa mu?

Dakta_Bashir:
Amsar a taƙaice: sauro. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro mai kisa, Plasmodium falciparum, cikin jan jini take shiga ta hayayyafa. A jinin mai AS ba ta samun yadda take so, ƙwayar jinin da ta shiga takan lanƙwashe, saifa ta tace ta ta fitar. Saboda haka yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga zazzaɓi mai tsanani. Anthony Allison ne ya nuna wannan a Gabashin Afirka a 1954.

To ka duba abin da zai faru a ƙauyen da zazzaɓi ke kwashe yara duk damina, shekaru dubbai. Masu AA da yawa zazzaɓi ya tafi da su, masu SS ciwonsu ya tafi da su, masu AS su ne suka fi girma su hayayyafa. Ta haka S ya zauna daram a cikin al'umma duk da illarsa.

Kuma a ƙasar Hausa aka yi ɗaya daga cikin manyan binciken da suka tabbatar da haka. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi aikin nazarin maleriya a ƙauyukan Garki, da ke jihar Jigawa a yau. Sun tarar kusan jarirai biyu cikin ɗari SS ake haifarsu, amma in aka duba manya da kyar ake samun mai SS, yawancinsu sun rasu tun suna ƙanana. Kason masu AS kuwa ya fi yawa a cikin waɗanda suka girma fiye da a cikin jarirai. Ina kyautata zaton da yawa daga yaran da kakanninmu ke kira 'yan wabi wannan ciwon ne ya ɗauke su.

Abu_Sadiq77:
Ke nan mu masu AS ba ma buƙatar gidan sauro?

Dakta_Bashir:
A'a fa. Mai AS yana kamuwa da zazzaɓi, tsananinsa ne ke raguwa. Ka rataya gidan sauronka. Mai SS kuwa zazzaɓi babban haɗari ne gare shi, domin jan jininsa kwana 10 zuwa 20 yake yi ya mutu, alhali na sauran mutane yana kai kwana 120. Dama jinin ba shi da yawa, zazzaɓi ya zo ya ƙara farfasa shi.

Jogarafi_Musa:
Dakta ya kawo mu fagena. Wani bincike da Daniel Shriner da Charles Rotimi suka fitar a 2018 ya nuna cewa S sau ɗaya ya fara ɓulla, a jikin mutum ɗaya, kimanin shekaru 7,300 da suka wuce. A wancan zamanin Sahara ba hamada ba ce. Tsakanin shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, wani ɗan sauyi a yadda duniya ke karkata tana zagaya rana ya ƙara wa iskar damina ƙarfi, ruwa ya riƙa kaiwa can arewa. Akwai ciyawa da tafkuna da dorinar ruwa inda yau sai rairayi. Tafkin Chadi na wancan lokacin ya kai kimanin murabba'in kilomita 350,000, alhali a 1963 kusan 25,000 ne.

Shaidun suna nan kusa da mu. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita takwas da 'yan kai, aka auna shekarunsa aka samu kusan 8,000. A Dabous, arewa da Agadas, akwai zanen raƙuman dawa da aka sassaƙa a jikin dutse. Inda ruwa ya kwanta da ɗumi, ga mutane da dabbobi, sauro ya samu gida.

DanZinder:
Raƙuman dawan Dabous na gan su da idona, babbar ta fi mita biyar. Ban taɓa kawowa a raina suna da alaƙa da zancen jini ba.

Dakta_Bashir:
Ƙarin bayani ga Malam Musa, kafin binciken 2018 masana da yawa na ganin S ya ɓulla sau da dama a wurare daban-daban, shi ya sa ake da nau'in Senegal, Benin, Kamaru, Bantu da na Larabawa da Indiya. Har yanzu ana tattauna batun. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne taswirar sikila da ta maleriya sun hau kan juna, har gabashin Saudiyya da tsakiyar Indiya da wasu sassan Girka.

Injiniya_Lawal:
Tunda an zo kan sauro, a matsa wa hukuma ta yashe kwatoci, su ne matattarar.

Jogarafi_Musa:
Injiniya, a yashe kwata kam, amma sauron kwata mai wari galibi Culex ne, mai kuka a kunne. Mai kawo maleriya, Anopheles gambiae, ya fi son ruwa mai ɗan tsabta, marar zurfi, wanda rana ke duka: sawun kofaton shanu bayan ruwan sama, ramin da aka haƙi ƙasar bulo, sawun taya a hanya, gefen fadamar shinkafa. Cikin kwana goma ko ƙasa da haka ƙwai ya zama sauro in da zafi. Shi ya sa zazzaɓi ke tashi daga Agusta zuwa Oktoba, kuma shi ya sa ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi wata-wata cikin damina. Mu da kanmu muke ƙera masa wurin haihuwa in muka haƙa rami muka bar shi.

Alaramma_Tukur:
Jama'a, kada mu manta komai da ƙaddara. Lafiya da ciwo na Allah ne.

Ustaz_Nura:
Gaskiya ne Alaramma, Allah ya ƙara ilimi. Sai dai ka fi ni sanin abin da ya faru da Sayyidina Umar a hanyar Sham, da aka ce masa annoba ta ɓarke ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Gwaji kafin aure riƙo da sababi ne. Abin da nake roƙo kawai, a riƙa yinsa tun ana gaisuwa, kafin zukata su shaƙu a kai kuɗin aure. Yawancin rikicin daga jinkirin yake tasowa.

Zee_SS:
Tun ɗazu nake karantawa, bari in sa baki. Ni SS ce, na haura talatin, na yi digiri, ina aiki, ina da ɗiya. Don Allah in ana maganarmu a daina yi kamar an riga an yi mana sutura. Abin da Dakta ya faɗa na Garki gaskiya ne, amma zamanin da ba rigakafi ba magani ke nan. Ina shan hydroxyurea, maganin da ke rage tashin ciwon, da folik asid kullum, ina shan ruwa sosai, cikin hunturu ba na wanka da ruwan sanyi, ina zuwa asibiti ranar da aka ba ni.

Duk da haka Maman Hanif, in ƙanwarki ta tambaye ni, zan ce ta yi haƙuri ta fasa. Ban yi nadamar zuwana duniya ba, amma na san abin da mahaifiyata ta sha. Ni da kaina sai da na tabbatar mijina AA ne.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa ba ciwon ba ne. Akwai daren da aka kai ni wani asibiti ƙashin bayana da cinyoyina kamar ana sara, na faɗi sunan allurar da ke yi mini aiki, ma'aikaciyar ta kalli abokiyar aikinta ta ce ga 'yan neman allura sun zo. Na kwana a benci ina cizon gefen hijabina.

Nas_Rabi:
Zee, a madadin masu farin kaya ina ba ki haƙuri. Abin da aka koya mana shi ne ciwo abin da majinyaci ya ce yana ji ne. Wanda ya shekara talatin da cuta dole ya san sunan maganinsa. Gaskiya ne akwai matsalar sabo da allurar kashe ciwo ta pentazocine a tsakanin wasu, har ka ga cinya ta ƙandare saboda allura, amma mafi yawa rashin kula da ciwonsu yadda ya kamata ne ya tura su kemis suna yi wa kansu.

Dalibar_Jinya:
Anti Rabi, ina aji biyu a makarantar jinya. In aka kawo mai sikila ciwonsa ya tashi, me zan fara yi?

Nas_Rabi:
'Yata, ki fara da kallonsa da sauraronsa. Ki tambaye shi ina ke ciwo, daga sifili zuwa goma nawa zai ba shi, kuma irin wanda ya saba ji ne ko wani sabo ne. Ki auna zafin jiki, bugun jini, numfashi da oksijin. Ki jawo fatar idonsa ta ƙasa ki duba, ki duba tafin hannu, in sun yi fari fat ki sanar da likita nan take. Maganin ciwo ya kamata ya shiga jikinsa cikin minti 30 da isowarsa, sannan ki dawo ki sake tambayarsa ko ya sauka, ki rubuta. Ruwa ta baki in zai iya sha, in ba zai iya ba a ɗaura masa, amma ki lissafa abin da ya shiga da abin da ya fita, don ruwa in ya yi yawa yana taruwa a huhu. Ki lulluɓe shi, ki ɗumama wurin da tawul mai ɗumi. Kada ki kuskura ki sa ƙanƙara, sanyi yana tsuke hanyar jini.

Abubuwan da ba a jira da su: zazzaɓin da ya kai digiri 38.5 a ma'aunin zafin jiki, ciwon ƙirji da tari ko numfashi sama-sama, baki ya karkace ko hannu ya saki, yaro ya yi laushi cikinsa ya kumbura ta hagu. Wannan na ƙarshen saifa ce ta tara jini, yana iya kisa cikin awoyi, shi ya sa muke koya wa iyaye mata yadda za su lalubi saifar ɗansu a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu kullum lokacin wanka. Samari kuma ki tambaye su a keɓe game da miƙewar gaba mai ciwo da ta ƙi kwanciya, kunya na hana su faɗa har abu ya lalace.

Ummu_Khairat:
A ƙara da gargaɗi kan maganin ƙarin jini na kemis. Ni ma an sha kawo mini kyauta, likitansu ya ce kada in ba su mai sinadarin ƙarfe sai an auna an ga suna buƙata.

Dakta_Bashir:
Daidai ne. Sannan iyaye su nemi a yi wa yaro hoton jijiyoyin kai da ake kira TCD daga shekara biyu, yana nuna wanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. A Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Murtala, an yi binciken da ya nuna hydroxyurea na rage wannan haɗarin ga yaranmu.

Abu_Sadiq77:
To ba a warkewa ne gaba ɗaya? Na ji an ce an samo magani a waje.

Dakta_Bashir:
Dashen ɓargo yana warkarwa, an fara yinsa a Nijeriya a 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, sai dai yana son ɗan'uwan da ɓargonsu ya dace, ga tsada ga haɗari. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da Casgevy, wanda ke gyara ƙwayar halitta ta sa jiki ya koma yin himogulobin F. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. A ƙasar da aka ƙiyasta ana haihuwar jarirai 150,000 masu sikila duk shekara, ba a kansa za a gina shawarar aure ba.

Hajiya_Turai:
Ai a Kano ma an yi doka a 2024, sai da takardar gwaji ake ɗaura aure. A hana su kawai a huta.

Zee_SS:
Hajiya, tilasta gwaji na yarda da shi. Tilasta rabuwa kuwa takardun bogi zai haifar, kin san halinmu. Gara a zaunar da su a yi musu bayani.

Maman_Hanif:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Za mu sake gwajin kamar yadda Malam Auwal ya ce. Ita yarinyar ta karanta saƙon Ummu Khairat da na Zee, ba ta ce komai ba tukuna. Yaron kuma ya ce shi ya ji ya gani. Kawu zan kai masa goron da kaina.

Baffa_Kura:
Malam Auwal, na binciko tsohuwar takardar matata, an rubuta AC. Wannan kuma fa?

Lab_Auwal:
C wani nau'in himogulobin ne, ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso da ƙasar Yarbawa. Mai AC lafiyarsa ƙalau. Amma in kai AS ne, kowane ciki akwai damar ɗaya cikin huɗu ta SC, shi ma sikila ne, galibi ya fi SS sauƙi amma yana taɓa ido da ƙashin ƙugu. Ka je a duba naka Baffa, ka tafi da yaran gaba ɗaya.